Zanin Gado Mai Hannu Biyu

Wata uku ke nan cur da Alhaji Maccido mai hatsi ya sallami manyan Nuraddeen, da suka zo nema masa auren 'yarsa Zahara'u, daga zaurensa, tun ruwan da aka kawo musu bai gama kwanciya a moɗa ba, kuma har yau matan Tambuwal ba su gaji da zancen ba. A bakin famfo shi ne, a gidan suna shi ne. Ko gaisuwar mutuwa aka je, da an shafa fatiha sai wata ta matso ta rage murya ta ce, "Wai ina labarin ɗiyar Maccido da mai saƙarta?"

Ba wai yaron yana da wani aibu ba. Shagon maganin dabbobi gare shi a Kebbe, ga shanun gidansu, ga sallah a kan lokaci, ga shi dogo, in ya yi murmushi sai ka ce ba a taɓa ɓata masa rai ba. Laifinsa ɗaya ne tak. Yana saƙa.

Saƙa ta zaren ulu fa, da tsinkaye biyu, irin wadda mata ke yi wa jarirai suwaita da safa da 'yar hula mai tuntu. Mahaifiyarsa ce ke yi, da ciwon gaɓɓai ya kama yatsunta ya karɓa yana ƙarasa mata, daga nan abin ya shige masa rai. Babu jaririn da za a haifa a danginsu bai sa aikin hannunsa ba.

To, akwai Sirajo, ma'aikaci a sakatariya, wanda ya shekara biyu yana goge takalmi a ƙofar gidan Alhaji Maccido, Zahara'u ba ta taɓa ba shi fiye da gaisuwa ba. Aiki ya kai shi Kebbe wata rana, ya ga Nuraddeen zaune a bakin shagonsa, ƙafa kan ƙafa, yana ƙarasa hannun wata 'yar riga. Ya zaro waya ya ɗauka. Kafin kwana biyu babu rumfar da hoton nan bai shiga ba a kasuwar hatsi.

"Maccido, in an haifa maka jika ba ka da wahalar kayan sanyi," in ji wani mai awo, rumfa ta kwashe da dariya.

Alhaji Maccido ya koma gida ya kira Zahara'u ya ce kada ta ƙara kiran yaron, kada ta amsa in ya kira, kada ya ga babur ɗinsa a layin. Ta ce to, tana hawaye.

Kuma ta cika alkawari, ba ta kira ba, ba ta amsa ba. Sai dai Alhaji bai ce komai a kan zanin gado ba.

Farin yadi ne mai ramuka-ramuka da ta fara yi wa ɗinkin gicciye, irin wanda ake ƙirga rami, a kwantar da zare ɗaya, a gicciya wani a kansa. Tsakiya ta yi zabi guda biyu da ɗigo-ɗigonsu, saura gefe, wanda ta so ta cika da kore, faɗinsa ya kai kamu ɗaya. Sai ta yi faɗin yatsa biyu, ta naɗe, ta cusa a ƙasan kwandon Inna Atu mai daddawa, wadda ke zuwa daga Kebbe duk ranar kasuwa. Mako na zagayowa zani ya dawo, ga wani faɗin yatsa biyu a jikin nata, yana ƙanshin daddawa.

Ba wasiƙa, ba saƙon baki. Ita ta yi layi, shi ya yi layi. Mako goma sha biyu suna haka, har kore ya cika, Zahara'u ta ninke shi ta tura ƙasan akwati.

*

Ranar Alhamis da hantsi mahaifiyarta, Inna Mu'minatu, ta shigo ɗakinta ta miƙa mata wayarta.

"Baffanshi Namadi ya yi ta sintiri har babanki ya sauko," ta ce. "Gobe bayan Juma'a shi zo. Amma da sharaɗi. Gaban mutane za shi faɗi cewa tun ranar da anka kore su bai ƙara taɓa allura ko tsinke ba, kuma ya bari ke nan har abada. In ya faɗi haka, an ba shi. Ga waya, ki gaya mai, kada shi zo shi yi muna shirme."

Ta fita ta ja ƙofa, amma ba ta yi nisa ba. Inna Mu'minatu ba ta taɓa yin nisa da ƙofa ba.

Bugu ɗaya ya ɗauka. Da ta ji muryarsa bayan wata uku, sai hawaye ya riga magana fita.

"Zahara'u, ke ta?"

"Ni ta, Yaya Nura."

Ta gaya masa sharaɗin.

"Baffa ya gaya mani," ya ce. "Na kwana ina juya shi. In ce zan bar zama bakin shago da ita, wanga ina iyawa. In ce ban taɓa allura ba wata ukku, ƙaƙa zan faɗi haka? Layi shidda na yi maki da hannuna."

"Ba wanda ya sani. Daga ni sai kai sai Inna Atu."

"Da Allah."

"Kada ka yi mani wa'azi, na fi ka jin zafin abin." Ta share hanci da gefen ɗankwali. "Kalma nawa ta? Numfashi ɗaya ka faɗe ta an gama. In mun yi aure ka rufe ɗaki ka saƙa har bargon raƙumi, ni zan riƙe maka zare."

"A ɓoye, awa ɓarawo."

"A ɓoye, awa mai mata."

Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Kin san ranar da na fara ganinki shagon zare, kina faɗa da ni kan dunƙulen ulu ɗaya, mi kika ce? Kika ce in don matata zan saye, in bar maki. Na ce nawa na. Ba ki yi dariya ba. Ke ɗai ta ba ki yi dariya ba, sai kika ce in nuna maki yadda nika juya dunduniyar safa."

"Na tuna."

"Yanzu ke ta ka cewa in ji kunyarta."

Wannan ta soke ta. Ta zauna a bakin gado tana kuka sosai, irin wanda kafaɗa ke rawa.

"Ban ce ka ji kunya ba. Na ce kada ka bar ni. Shekarata ashirin da fuɗu, ba wanda za shi yi mani dole, amma ba ni auren da Baba bai sa albarka ba, ka sani. In ka ƙi faɗi gobe, shi ke nan, ƙofa ta rufe. Ka zaɓa, ni ko tsinke."

Ta ji numfashinsa, ta ji kukan wata akuya can bayansa, ta ji wani yana tambayar maganin tsutsa.

"Zan zo," ya ce a hankali. "Ki bar kuka. Zan faɗi abin da aka so."

Ta samu abin da ta roƙa. Abin mamaki, da ta ajiye wayar sai ta ji kamar ta haɗiyi dutse.

*

Inna Mu'minatu mace ce mai son a gani. Da safiyar Juma'a tana neman turare a akwatin 'yarta, sai hannunta ya ci karo da zanin. Ta warware shi, ta riƙe baki. Ta sunsuna, ta yamutsa fuska. Kafin Zahara'u ta fito daga wanka an wanke shi tas, an shanya a igiyar tsakar gida, daidai inda duk mai shigowa sai ya gani.

Kuma an shigo. Maƙwabta suka zo ɗaya bayan ɗaya, wai aron rariya, wai aron turmi, alhali kowa ta san yau ce ranar. Har Sirajo ya leƙo gaida Inna da farar shaddarsa, ya tsaya gaban igiya ya harɗe hannu a baya.

"Wanga shi na aikin mace ta gari," ya ce da ƙarfi don a ji a ɗaki. "Dubi gefen nan, Inna. Hannun namiji ko shekara ya yi ba shi iya wanga."

Zahara'u na bayan labule. Ta lallashi kanta, ai zare ɗaya ne, launi ɗaya, ƙirga ɗaya. Wa zai gane?

Sai ga sallamar Gwaggo Batula.

Gwaggo Batula yayar Alhaji ce, ita ta goya shi, kuma rabin matan garin da suka iya riƙe allura a gabanta suka koya, har da Zahara'u. Ta shigo tana dogara sanda, da tabaraunta mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare. Ta tsaya gaban zanin. Ta matsa dama. Ta matsa hagu. Rana ta ɗago ta bugi yadin a karkace, sai ga abin da ba wanda ya taɓa gani a cikin ɗaki. Koren nan ba ɗaya ba ne. Layi mai sheƙi, layi mai duhu, layi mai sheƙi, layi mai duhu, sha biyu reras.

"Kai, har da salo ta yi mai," in ji wata maƙwabciya.

"I, salo na," in ji Gwaggo. "Zahara'u, zo ki kama ni in zauna ɗakinki, ƙafata."

Suna shiga ta tura ƙofa da sanda. Ƙafarta lafiya lau.

"Wane bahago na ya taya ki aiki?"

"Gwaggo, ni ɗai..."

"Rufe mani baki. Ni na koya maki zaren sama shi kwanta ta dama, kuma haka kike yi tun kina da majina. Layi shidda zaren sama ya kwanta ta hagu. Bahago na, kuma ba a gaya mai ba, ku duka biyu ba ku taɓa shanya shi rana kun duba ba. Wawaye." Ta zauna ta gyara tabarau. "Da wane hannu yaron Kebbe ka cin tuwo?"

Zahara'u ta durƙusa ta kama ƙafarta.

"Da dama shika ci, Gwaggo. Allura ɗai shika riƙewa da hagu. Don Allah ki rufa mani asiri."

"Na leƙa bayan zanin ma."

Zahara'u ta ɗago. Duk wadda ta koyi aiki wurin Gwaggo ta san ba gaban aiki take dubawa ba, baya take juyawa.

"Layinki ƙulli ukku na ƙirga, da zare ɗaya da kika bari shina lilo. Nashi ko ƙulli ɗaya babu. Ya tura wutsiyar zare ƙarƙashi, ya kwantar, baya awa gaba. Shekara arba'in ina koya ma mata haka, biyu ɗai sunka iya, ɗaya ta mutu." Ta yi tsaki. "Ashe mai hannun shina Kebbe shina duba bakin awaki."

Duk da tsoron da take ciki, sai Zahara'u ta ji wani abu ya taso mata a ƙirji, mai ɗumi, har ta kusa murmushi.

"Ya iya, ko Gwaggo?"

"Ya fi ki. Kada ki yi mani fari da ido." Gwaggo ta miƙe. "Ni ban ga komi ba, idona ya tsufa. Ki je ki sauke shi tun rana ba ta tona ki ga wata ba. Yaro shi zo shi yi rantsuwarshi, a sha biki. In ya so ya ƙare rayuwarshi shina ɓoye hannun nan awa mai kuturta, ba ruwana."

Ta fita ta bar ta a durƙushe.

Zahara'u ta je igiya ta sauke zanin da sauran danshinsa, ta ninke ta rungume. Ba ta mayar da shi akwati ba.

*

Bayan an sauko Juma'a zaure ya cika. Alhaji Maccido a kan buzunsa, abokansa biyu na kasuwa, Baffa Namadi da rawaninsa, Nuraddeen a gefe kansa a ƙasa. Sirajo ma ya samu gurbi a bakin ƙofa, wai ya biyo ne ya gaida Alhaji.

Mata kuwa suna bayan ƙofar cikin gida, an jeru kamar masu jiran awo. Zahara'u na gaba, idonta a tsagar ƙyaure.

Ya rame. Wannan ta fara gani. Sannan ta ga hannunsa na hagu a kan gwiwa, babban yatsa yana murza na kusa da shi, kamar mai neman zaren da babu.

"Nuraddini," in ji Alhaji, "ba ni da dogon zance. Ni ɗan kasuwa na, mutuncina shi na jarina. An yi dariyata kanka. Ka faɗi gaban mutanen ga, tun ranar da kunka bar zauren nan, ka ƙara taɓa allura ko tsinke?"

Baffa Namadi ya zungure shi da gwiwar hannu.

Nuraddeen ya ɗago. Bai dubi Alhaji ba, ƙyauren ya duba, kamar ya san tana nan. Ya ɗauke hannun hagun daga gwiwarsa ya tura shi ƙarƙashin riga.

"Baba, tun daga ranar nan, ni ban..."

Ba ta san lokacin da ta tura ƙyauren ba. Inna Mu'minatu ta kai hannu ta kamo mayafinta, mayafin ya zame. Sai ga Zahara'u a tsakiyar zaure, ta durƙusa gaban mahaifinta, ta warware zanin a kan tabarma, har gefensa ya hau ƙafar Sirajo.

"Baba, ka gafarce ni. Kada ka bari shi ƙarasa."

"Mi na haka? Tashi ki koma ciki."

"Zan koma, Baba, amma ka duba tukuna." Ta miƙe yatsanta. Ta ɗora shi a kan kore. "Wanga layin nawa na. Wanga nashi na. Wanga nawa, wanga nashi. Wata ukku muna yi. Ka hana ni kira, ban kira ba, amma na aika mai da zani, laifina na. Kuma jiya ni na roƙe shi da kuka shi zo shi yi maka ƙarya. Bai so ba."

Wani daga cikin abokan Alhaji ya yi tari. Baffa Namadi ya sunkuyar da kai yana salati ƙasa-ƙasa.

"Kin san abin da kika yi?" Alhaji ya ce, muryarsa ta yi sanyi, irin sanyin da gidan kowa ke tsoro. "Kalma ɗaya ta rage in ba shi ke."

"Na sani." Hawaye na zuba, amma ba ta sunkuya ba. Ta kama gefen zanin ta juya bayansa. "Ka duba nan, Baba. Nawa da ƙulli. Nashi babu ko ɗaya. Gwaggo ta ce shekara arba'in mace biyu ɗai ta ga sun iya haka. Ni ba ni jin kunyar hannun nan. In za ka hana ni, ka hana ni shi da saƙarshi. Ba ni son a ba ni shi da hannu cikin riga."

Nuraddeen ya fito da hannun a hankali ya mayar kan gwiwa.

Alhaji ya juya kansa. "Kai, da ba ta shigo ba, mi za ka ce?"

"Abin da kaka so in ce, Baba. Na riga na fara." Ya dubi ƙasa, ya sake ɗagowa. "Amma tunda ta faɗi, ba ni maida ita maƙaryaciya. Na yi, kuma ban iya alkawarin bari. Wurin uwata na gada."

Fuskar Alhaji ta haɗe. Ya buɗe baki, kowa ya san abin da zai fito. Zahara'u ta rufe ido.

Sai Sirajo ya yi dariya. Da ya yi haƙuri minti ɗaya, da ya ci riba, amma Allah bai ba shi wannan ba.

"Alhaji, ai shi ke nan," ya ce yana ture zanin daga ƙafarsa da takalmi. "Ango da amarya sun haɗu sun yi zanin gado. In kasuwa ta ji wanga, wallahi sai an rufe rumfuna don dariya."

Alhaji Maccido ya dubi takalmin. Ya dubi inda takalmin ya taɓa, tsakiyar zabin da 'yarsa ta ɗinka. Ya daɗe yana dubawa.

"Wa za shi kai ma kasuwa labarin?" ya ce.

"A'a, Alhaji, ai magana ba ta ɓoyuwa..."

"Kai za ka kai. Kai ka kai na farko." Ya gyara zama. "Cikin zaurena, kan tabarmata, kana ba ni tsoro da kasuwar da na shekara talatin cikinta? Kai da ko buhun gero ba ka san ɗaurinshi ba?"

Daga bayan ƙyaure muryar Gwaggo Batula ta fito, ba ta ko ɓoye ba. "Da safe ya ce hannun namiji ba shi iya gefen nan. Kowa ya ji."

Mata suka fashe. Sirajo ya tuna yana da wani uzuri a sakatariya, ranar Juma'a da yamma.

Alhaji bai yi dariya ba. Ya nuna Nuraddeen da yatsa.

"Ban ce na ba ka ba. Ranar kasuwa ka zo rumfata da zarenka da tsinkenka. Ka zauna kusa da ni, ka yi abinka tun hantsi har la'asar, kowa shi gani. Ba wanda za shi kai labarina, ni zan kai abina. In na iya zama, to. In na tashi na bar rumfar, kada in ƙara ganin ko ɗayanku." Ya juyo ga 'yarsa. "Ke kuma kwashe wanga ki ba ni wuri. Ki ninke shi da kyau, kada shi taɓa ƙasa."

*

Ranar kasuwa Zahara'u ta ce za ta sayo daddawa. Inna Mu'minatu ta dubi tulin daddawar da ke cikin kwano, ta ce ta je.

Rumfar Inna Atu tana kallon layin 'yan hatsi. Zahara'u ta zauna bayan kwando ta ja mayafi har hanci. Kaka ce, sabon gero ya shigo, kasuwa ta cika har ba wurin aje ƙafa.

Ga Alhaji a kan bencinsa, fuska kamar an aiko masa da sammaci. Ga Nuraddeen a gefensa da jakar zare, tsinkaye na ƙyas-ƙyas, shuɗiyar hular jariri na tsirowa a hannunsa.

Aka fara. Masu awo suka bar mudu suka zo kallo. Wani ya ce a saƙa masa zanen goyo. Wani ya tambaya ko ana karɓar kitso. 'Yan dako suka aje buhu suna riƙe ciki. Alhaji ya cire hula ya share gumi ya mayar. Sau biyu Zahara'u ta ga ya dafa benci kamar zai miƙe.

"Zauna, Maccido, zauna," Inna Atu ke faɗi a ranta, amma a fili.

Nuraddeen bai ɗago ba. Ya gama hula ya aje a kan buhu. Wata Bafillatana mai goyo ta tsaya, ta ɗauka ta juya cikinta, ta ja ta ga ta koma, ta tambayi kuɗi. Ya ce ba ta sayarwa ba ce, ta sa wa yaron. Ta sa masa, ta zauna masa ɗas. Dariyar ta ɗan ragu, don da wuya a yi wa jariri mai sabuwar hula dariya.

Bayan azahar zarensa ya ƙare. Ya zaro sabo, irin dogon naɗin nan da sai an ware an dunƙule kafin a saƙa. A gida ƙafar kujera yake saƙala shi, nan babu kujera. Ya rataya a gwiwa, ya zame. Ya gwada babban yatsan ƙafa, ya harɗe. Ya kwance ya sake, ya ƙara harɗewa, jama'a suka samu sabon abin dariya.

Alhaji na kallo ta gefen ido, yana taunar leɓe. Mutum ne da ba ya iya ganin ana aiki a hagunce, ko ɗaurin buhu ne sai ya karɓa.

"Kai, ka ishe ni," ya ce. "Za ka lalata zaren mutane. Ƙaƙa aka riƙe shi?"

Nuraddeen ya dube shi, bai gaskata ba. "Hannu biyu aka miƙawa, Baba. Haka."

Alhaji Maccido mai hatsi, da babbar rigarsa, a tsakiyar kasuwar Tambuwal, ya naɗe hannun riga ya miƙa hannuwa biyu. Aka rataya masa zare. Nuraddeen ya fara dunƙulewa, Alhaji na karkata dama, yana karkata hagu, yana sakin zare kamar ya shekara yana yi.

Layin 'yan hatsi ya yi tsit. Zahara'u ta saki mayafin ba ta sani ba, ta miƙe tsaye, hawaye na bin kumatunta, ba ta damu da wa ya gan ta ba.

Wani baƙon dillali daga Jega ya ratso da buhunan banza a kafaɗa. Ya tsaya, ya dubi zare, ya dubi Alhaji, ya dubi saurayin.

"Alhaji, a auna mani dawa. Wanga kuma wane na?"

Alhaji bai sauke hannu ba.

"Ka jira mu gama," ya ce. "Surukina na."